Wutar Da Muke Saye Da Kuɗinmu



Ya 'yan uwana mata, ranar Asabar wata ɗalibata 'yar shekara tara ta kasa sanya hijabi saboda ƙuna a fatar kanta. Mahaifiyarta ce ta shafa mata man miƙar da gashi, wai za a je biki. Subhanallah! Shin kun san sodar da ake yin sabulu da ita ce a cikin da yawa daga irin wannan mai? Raɗaɗin nan da ake cewa "daure, ci yake yi", fata ce take ƙonewa.

A shekarar 2022, wani bincike na hukumar binciken lafiya ta Amurka a kan mata fiye da 33,000 ya nuna cewa masu shafa shi fiye da sau huɗu a shekara, haɗarin kansar mahaifa a gare su ya ninka, har da ɗoriya. Ban ce haramun ne ba, fatawa ta manyan malamai ce. Amma jiki amana ne, kuma yarinyar nan ba ita ta zaɓa ba.

Me ya sami karkashi, mai wanke kai ya bar shi da laushi? Ga man kaɗanya, ga man kwakwa, ga kitso, muddin ba a ja shi da ƙarfi ba.

Ita dai ɗalibar tawa har yau ba ta dawo makaranta ba.