Kwamfutar Aro: Amfaninta Da Hatsarinta Ga Ɗalibanmu

Tun shekarar 2001, sa'ad da Gwamna Saminu Turaki ya buɗe makarantar koyon aikin kwamfuta a Kazaure, ƙasar nan ta shiga sahun masu neman wannan ilmi. A 2021 kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa Jami'ar Fasaha a Babura. Amma har yanzu yaro daga Roni ko Gwiwa, wanda ya ƙudurta koyon rubuta manhaja, abin da ya fi tsaya masa a wuya shi ne rashin kwamfuta mai ƙarfi.

Akwai magani. Manyan kamfanoni suna da rumbunan na'urori a ƙasashe dabam dabam, suna yanka ƙarfinsu kashi kashi, kowane kashi ya zama tamkar kwamfuta sukutum, mutum ya sarrafa ta daga nesa ta intanet. Wannan shi ake kira gajimare. Sabon shiga akan ba shi ɗanɗano: Google na ba da na dala 300 har kwana 90, Microsoft kuwa na dala 200 har kwana 30.

To, amma fa kowane allazi da nasa amanu. Kafin a buɗe wa mutum, sai ya ba da lambar katinsa na banki. In ya yarda aka mai da shi sahun masu biya, sa'an nan ya manta na'urar a kunne, kuɗi na hawa dare da rana, da dala kuwa, ba da naira ba. Ɗan talaka ba shi da ƙarfin ɗaukar wannan.

Saboda haka muna ba malamai shawara uku. Da fari, a soma da VirtualBox, wadda kyauta ce, tana kafa kwamfuta cikin kwamfuta, in an sauke ta ba ta bukatar intanet. Na biyu, makarantu su ba ɗalibai adireshin imel na makaranta, gama da shi Microsoft ke ba ɗalibi na dala 100 ba tare da kati ba. Na uku, kada a koya wa yaro kunnawa sai an koya masa kashewa, da sharewa, da sa iyakar kuɗi.

Kayan aro ba ya rufe katara. Lalle ne mu hori yaranmu su riƙa ajiye kwafin aikinsu a hannunsu, domin ranar da wa'adi ya cika kada wahalarsu ta bi ruwa.