Raddi ga masu cewa a goya wa mai yasar rijiya tulun iska

Akwai maganar da wasu masu son alheri ke yi game da zurfafan rijiyoyin Mayahi da Tasawa: tunda masu yasa na suma a ƙasa, a sayo musu tulun oksijin su goya a baya kamar masu nutso a teku, shi ke nan. Niyyar mai kyau ce, amma shawarar tana iya kashe wanda ake son ceta.

Sun ce oksijin. Masu nutso kuwa, a yawancin aikinsu, iskar da kowa ke shaƙa ce ake matsa musu cikin tulu da kwamfuresa. Tsantsar oksijin, in aka wuce zurfin mita 6 cikin ruwa, tana iya jefa mutum cikin fisge-fisge irin na farfaɗiya, bututun ya faɗi daga bakinsa.

Sun ce a goya a baya. Duk wanda ya tsaya bakin rijiyar siminti a ƙauyukan Gulbin Kaba ya ga yadda ake: shanu ko raƙumi sun yi nisa da igiya kafin wasaki ya fito, mai yasa kuma igiya ce ke riƙe da shi, ƙafa na dafa bango. A can ƙasa zoben simintin da ke tara ruwa ya fi bakin rijiyar ƙunci. Tulun ƙarfe mai kusan kilo 15 a gadon baya zai riƙa karo da bango, makunninsa na bayan wuya inda ido ba ya gani, igiya na iya sarƙe shi. Matsalar da masu nutso a kogunan duwatsun Ingila suka ci karo da ita ke nan, har suka koma rataya tuluna biyu a gefe, makunni a ƙarƙashin hammata, kowane tulu da nasa bututun. Ɗaya ya lalace, a rufe shi da hannu a koma ɗayan. Da irin wannan shiri masu nutson kogo Rick Stanton da John Volanthen suka kai ga yara 12 da kocinsu da suka maƙale a kogon Tham Luang na ƙasar Tailan a Yulin 2018. In ma tulu za a kawo, to a gefe ne wurinsa.

Sun ce abu ne mai sauƙi. A wannan kogon ne Saman Kunan, tsohon sojan ruwa mai horo, ya rasu yana dawowa daga kai tuluna. Wanda ya shaƙi iskar tulu a ƙasan ruwa ya taso yana riƙe numfashi, kamar yadda mai yasa ya saba, huhunsa na iya fashewa, domin iskar da aka shaƙa a mita 10 ninkawa take yi kafin a kai sama. Kuma wa zai cika tulun? Kwamfuresar da ta zuƙi hayaƙin injinta guba take ɗurawa.

Babban kuskurensu shi ne inda suka ɗora laifin. Sau da yawa tun kafin mai yasa ya kai ga ruwa yake suma. Gurɓatacciyar iskar da ta kwanta a ƙasan ramin ce, ko hayaƙin injin tsotsar ruwa da aka zura ciki. Tsofaffin mahaƙa kan zura fitila, in ta mutu ba mai sauka. Fitila ba ta gano hayaƙin inji, don haka injin ya tsaya a waje, nesa da baki. Kuɗin tulu ya fi amfani a na'urar hura iska mai dogon tiyo, da ƙaramin ma'aunin iska mai ƙara, da ɗamarar ƙirji, da igiya ta biyu a hannun mutum guda wanda ba shi da wani aiki sai kallon na ƙasa.