Jami'ar André Salifou: A Killace Fili A Magarya Da Dungas Tun Bai Gagara Ba

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna gundumar Magarya na da mutum kusan 578,000, ita kuwa Dungas, wadda aka ɓalle daga jikinta a 2011, tana da kusan 354,000. Idan aka haɗa su sun haura kashi ɗaya cikin huɗu na al'ummar jihar Damagaram baki ɗaya. Ƙidayar ta kuma ce yawan 'yan Nijar na ƙaruwa da kashi 3.9 cikin ɗari kowace shekara, wato cikin shekara 18 ko makamancin haka jama'a na ninkawa. Yaran da aka haifa a Bande, Waca, Yekuwa, Sassumburum, Dogo-Dogo da Malawa a shekarar ƙidayar suna koleji yanzu, kuma nan da 'yan shekaru kaɗan waɗanda Allah Ya nufa za su riƙe takardar bak ta kammala sakandare a hannu suna neman kujera. Jami'ar gwamnatin Nijar mafi kusa da su ita ce ta André Salifou da ke birnin Zinder. Tambayar da wannan jarida ke yi ita ce: a wane fili za a zaunar da su, a wane ɗaki za su kwana, kuma wa ya zana wannan a takarda?

Sai an tuna yadda aka haifi jami'o'inmu kafin a gane dalilin tambayar. Shekaru kusan arba'in Nijar na da jami'ar gwamnati guda ɗaya tak, ta Yamai, wadda ta faro a 1971 aka kuma raɗa mata sunan Abdou Moumouni daga baya. A 2008 cibiyoyin koyon fasaha na IUT suka buɗe a Maraɗi, Tawa da Zinder. A 2010 aka ɗaga garuruwan uku zuwa masu jami'a. A 2014 aka ƙara huɗu rigis: Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Ba mu raina wannan ƙoƙari ba, domin ya raba ɗan talakan Dungas da tafiyar kilomita kusan dubu zuwa Yamai. Amma tsarin kusan ɗaya ne a ko'ina: doka ta riga fili, ɗalibi ya riga aji. Aka yi ta karatu a gine-ginen aro, ana jiran wani malami ya fita daga anfi, wato babban zauren darasi, kafin wani ya shiga, shekarar karatu ta hau kan wata, har digirin shekara uku ya kan ci huɗu ko biyar. Galibin koke-koken ɗalibai da ake ji duk shekara, in aka cire batun alawus, na ɗakin kwana ne, gidan abinci, motar sufuri da wurin zama a aji. Duk matsalolin gini ne, ginin kuma bai yiwuwa sai da fili da tsari.

Maƙwabtanmu na kudu sun riga mu shiga wannan makaranta, kuma abin koyi da abin gudu duk suna can. Lokacin da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, an ware mata dubban hekta a Samaru ta Zariya, filin da a idon mutanen zamanin ya wuce hankali. Yau, bayan shekara sittin da ɗoriya, jami'ar na ci gaba da gini a cikin iyakarta. Asibitin koyarwarta da ke Shika an daɗe ana jan aikinsa, sai a 2005 aka tare, amma da yake filin na nan a killace, jinkirin bai kashe aikin ba. Jami'ar Bayero kuwa da gari ya matse tsohon matsuguninta, dole ta buɗe sabo a kan hanyar Gwarzo, ta raba kanta gida biyu. A Sakkwato, ambaliyar 2010 ta karya gadar da ke kai wa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, karatu ya tsaya. Fili na nan a wadace, amma hanyar ruwa ta fi ƙarfin wanda ya zana hanyar mota.

Darasin Sakkwato ya fi kusa da mu. Zinder gari ne mai matsala biyu da ruwa, rashinsa da yawansa. Birnin na zaune a kan dutse, ruwan shansa daga nesa ake janyo shi, daga Gogo-Macaya, Arunguza da Ganaram, kuma kowa ya san yadda bazara ke kasancewa a unguwanni. A ɗaya gefen, daminar 2024 ta kayar da tsohon masallacin unguwar Birni da ya haura shekara ɗari da hamsin a tsaye. Duk wanda zai gina ɗakunan kwanan ɗalibai dubbai a irin wannan gari bai fara da lissafin lita nawa kowane ɗalibi zai sha ya yi wanka, da inda ruwan sama zai bi ya fita ba, to ya gina rikici ne da hannunsa. Haka batun wuta. Da Najeriya ta katse lantarki a watan Agustan 2023, an ga abin da dogaro da waya ɗaya ke jawowa. Rufin kowane sabon gini a jami'a ya kamata a auna shi da nauyin faifan hasken rana tun a zane, ko da kuɗin sayen faifan bai samu ba tukuna.

Abin da muke nema shi ne tsari rubutacce na shekara 25 zuwa 30, mai taswira, wanda zai faɗi adadin ɗaliban da ake hasashe a 2035 da 2050, ya nuna inda kowace tsangaya za ta zauna, inda bututun ruwa da magudanai za su bi, filin da ba za a taɓa ba, da abin da za a fara ginawa da wanda zai jira. Kuma a manna shi inda kowa zai gani. Tsarin da ke kulle cikin durowar wani ofis, sabon shugaba na zuwa zai manta da shi, ko wani mai ba da taimako ya zo da ginin kyauta a dasa shi duk inda ya fi kusa da ƙofa don hoton bikin buɗewa ya yi kyau. Abin daɗin shi ne ba sai an ɗauko masana daga Faransa ba. IUT ta Zinder na koyar da tsara ƙasa da birane da kuma awon fili. Ɗalibanta da malamansu na iya auna harabarsu, su yi wannan aiki ya zama jarrabawarsu.

To ina Magarya da Dungas suka shigo? Bari mu faɗa a fili: ba muna kiran a kafa jami'a a Magarya gobe ba ne. Ƙasar da ba ta gama gina jami'o'in da take da su ba, ba ta da hujjar ƙara wani allon suna a bakin hanya. Masu neman kuri'a na iya yin wannan alkawari, mu ba za mu tafa musu ba. Abin da muke cewa shi ne jami'ar jiha ba ta birni ɗaya ba ce, kuma akwai karatun da wurinsa kudu ne. Kwarin Korama da fadamunsa, da raken Bande da Waca da Dungas, da garake na rani, nan ne ajin ɗalibin noma da na ruwan ƙarƙashin ƙasa. Gawon da manoman Magarya, Matamai da Mirya suka raya a gonakinsu tun shekarun 1980 ya sa masana daga ƙasashen duniya suna zuwa kallo suna rubuta littattafai; abin kunya ne ɗalibinmu ya karanta labarin a takardar Bature alhali itacen na bayan gidan kakansa. Hukumar binciken noma ta INRAN ta daɗe tana gwajin iri a Magarya. Sashen yara na asibitin Magarya, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi shekaru tana aiki, ya ga zazzaɓin cizon sauro da tamowa iri-iri a kowace damina, ga kuma tsangayar likitanci a Zinder, tafiyar kilomita kusan 90. Kasuwancin iyaka ta Tinkim da ta ɓangaren Maigatari shi ma fagen nazari ne. Ko a nan Zariya ta nuna hanya: cibiyar binciken noma ta Samaru na da tashoshi a Kano, Kadawa da Talatar Mafara, ba ta mai da kowace tasha jami'a ba.

Irin wannan reshe na iya jiran shekara goma kafin a aza tubalin farko. Filin ne ba zai jira ba. Yankin nan na cikin mafi cunkoson jama'a a Nijar. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, jikoki goma ke rabonta a yau, kowa da ɗan zirinsa. Gefen garin Magarya kuwa ana ta yanka filaye ana sayarwa. Hekta ɗari da za a iya samu a dunƙule yau da yardar iyalai kaɗan, nan da shekara goma sha biyar sai an zauna da magada ɗaruruwa, kuma watakila an riga an gina gidaje a tsakiya. Da sanyin safiya ake kama fara.

Sai dai nan ne wurin da ya fi buƙatar taka-tsantsan, domin a ƙasar da gona ta yi ƙaranci, karɓe gonar mutum daidai yake da karɓe rumbunsa. Doka na nan. Dokar 1961 kan karɓar fili don amfanin jama'a, wadda aka yi wa gyara a 2008, ta shimfiɗa sharaɗin biyan diyya, kuma tsarin dokokin karkara na 1993 ya kafa hukumomin filaye, waɗanda mutane ke kira Kofo, tun daga gunduma har ƙauye. A bi ta hannunsu, da sarakunan gargajiya da masu gari, a zauna da masu gona ido da ido. A fara duba filayen gwamnati da fako da jigawar da ba ta ba da amfani kafin a kai ga gona mai kyau. Kada a toshe burtali, kada a haɗa da mashayar dabbobi, in ba haka ba jami'a za ta gaji rigimar manomi da makiyayi tun ba ta da ƙofa. A biya diyya kafin a kafa turakun iyaka, ba bayan shekara bakwai ba. Sannan tunda ginin ba yau ba ne, a bar masu gonar su ci gaba da nomansu da yarjejeniya a rubuce har ranar da za a buƙaci wurin. Kuma a fitar da takardar mallaka da sunan jami'a, domin filin gwamnati marar takarda kowa ya san ƙarshensa: kusurwa ta zama shago, kusurwa ta zama gidan wani babba.

Akwai aikin da za a iya farawa a filin ba tare da miliyoyin sefa ba, wato itace. Inda zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, inuwa ma aji ce. Gawo, maina, tsamiya da kuka da aka raya yau su ne za su tarbi ɗalibin 2040, kuma mutanen Magarya ba sa buƙatar wanda zai koya musu wannan sana'a. Ranar da za a zo gini kuma, a yi tunani kafin a jera akwatunan siminti da rufin kwano masu dafa mutum da rana. Masallaci da ɗakin karatun Dandaji a jihar Tawa, da Mariam Kamara da abokiyar aikinta suka zana da tubalin ƙasa matsattse, sun nuna ana iya ginin zamani mai sanyi da ƙasarmu, muddin an kula da tushe da magudanar ruwa.

Wani abu da masu zane ke yawan barin sa ƙarshe shi ne ɗakin kwanan 'yan mata. A ƙauyukanmu, yarinyar da ta tsallake aure da wuri ta kai ga bak ta riga ta yi abin a yaba. Tambayar farko da mahaifinta zai yi ba ta tsangaya ba ce, zai ce a ina za ta kwana, wa ke tsaron ƙofa. Idan amsar ita ce gidan haya a wata unguwa, karatun ya ƙare a nan. Don haka a jerin gine-gine, wannan ya riga ofishin shugaba.

Masu cewa ƙasa na fama da tsaro da tsadar rayuwa, ba lokacin mafarkin 2050 ba ne, muna jin su. Amma awon fili, taswira, takardar mallaka da dashen itace ba su kai kuɗin anfi guda ba. A hayin iyaka, Najeriya ta kafa jami'ar fasaha a Ɓaɓura a 2021, ga ta sufuri a Daura, ga kwalejin fasaha a Kazaure. Mai hali zai tura ɗansa can ya biya da naira. Ɗan mai noman rake a Waca ba shi da wannan zaɓi.

Muna kira ga ma'aikatar ilimi mai zurfi da hukumar Jami'ar André Salifou su fito da tsarin harabar jami'ar na dogon zango, su sa kudancin jiha a cikinsa. Muna kira ga gwamnan Damagaram, da shugabannin gundumomin Magarya da Dungas, da sarakunan yankin, su zauna da hukumomin Kofo su nuna fili, su auna shi, su biya masu shi, su yi masa takarda kafin damina biyu su wuce. 'Yan asalin yankin da ke Yamai, Kano da sauran wurare kuma su bi sawun maganar har a ga turakun iyaka a ƙasa.