Kwamfutar Tebur Ta Ishi Gidan Malami

Ya ku 'yan'uwana masu koyon aikin malanta, ga wata shawara. Tun 2015 hukumar JAMB ta bar jarrabawa a takarda, sai da kwamfuta. Amma har yau akwai yaro a ƙasar Katagum da bai taɓa ɗora yatsa a kanta ba sai ran jarrabawa. Lalle wannan hasara ce.

To, ni a ganina malami ba ya bukatar mai tsada. Ta tebur, ko da ta hannu ce, ta isa buga darasi da koya wa yaran gida. In wani abu ya lalace cikinta, sai a cire shi kaɗai a sa wani.

Sai dai fa ba ta da batir, kowa kuwa ya san halin wuta a Azare. Da an ɗauke, aikin da ba a adana ba ya tafi. Saboda haka a ware kuɗin UPS tun kafin a shiga ciniki. A kuma tambaya ko tana ɗaukar Windows 11, gama Microsoft ya daina kulawar da ya saba yi wa Windows 10 a Oktoban 2025. Da hunturu kuwa, in an kashe ta, a rufe ta da zane saboda ƙura.