RA'AYINMU: HADARIN DA BA A RUBUTA BA

Duk wanda ya yi damina a ƙasar Tambuwal ko Kebbe ya san yadda hadari kan taso daga gabas, iska ta riga ruwa isowa, ta yaye jinka ta kwantar da gero. Abin da muke tambaya shi ne, wa yake ƙidaya waɗannan hadurra, kuma daga ina yake ƙidayarsu?

A bisa tsohuwar ƙa'ida, ma'aikacin tashar duba yanayi yakan rubuta ranar tsawa ne in ya ji ta da kunnensa, ita kuwa tsawa da wuya a ji ta bayan kilomita 20. Tashar Sakkwato tana nesa da Tambuwal da kimanin kilomita 100. Saboda haka hadarin da ya faɗa wa Jabo ko Kuchi yana iya ɓarnarsa ya wuce, littafin hukuma bai san an yi ba. Labarin ɓarna ma hanya yake bi: garin da ke bakin titin Sakkwato zuwa Jega a ji kukansa a yini guda, ƙauyen da ruwa ya yanke wa hanya sai bayan mako.

Waɗansu za su ce ai yanzu akwai tauraron ɗan Adam. Gaskiya ne, da shi ne ma masana suka nuna a 2017 cewa manyan hadurran yankin Sahel sun ninka sau 3 tun daga 1982. Amma tauraron sanyin kan girgije yake gani daga sama, dole sai an gwada lissafinsa da ma'aunin ruwa na ƙasa. Inda babu ma'auni, kintace ya rage.

Wannan ba gardamar malamai kaɗai ba ce. Da irin waɗannan alƙaluma ake tsara faɗin kwalbati, da lokacin shuka, da rabon kayan agaji. Ƙasar da takarda ta ce ba ta da hadari, ita ake bari baya.

Muna kira ga Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa da ƙananan hukumomin biyu su kafa ma'aunin ruwa a kowace makarantar sakandare, ɗalibai su riƙa rubutawa kullum safiya. 'Yan'uwanmu da suka kama aikin gwamnati kuwa, in aka ajiye muku taswira a tebur, ku fara tambayar inda mai awon ya tsaya kafin ku sa hannu.