Kada Ku Yar da Tsohon Fambel

'Yan'uwa manoma, har yanzu wasu ƙungiyoyinmu suna lallaɓa tsohuwar a-kori-kura Peugeot 404. In fambel ya tsinke tsakanin Kabo da Gwarzo, ga buhunan masara a baya, sai a aiki yaro Ƙofar Ruwa a Kano da baki kawai. Wannan kuskure ne. Ku ba shi tsohon ya tafi da shi, gama lambar tana bayansa. In ta goge, ku zagaya zare ta inda fambel yake bi, ku auna. Gajere yakan cinye boris na famfon ruwa. Dogo kuwa santsi yake yi, inji ya yi zafi, batir ya ƙi caji. A ganina, ma'aji ya sayi biyu, ɗaya ya zauna ƙarƙashin kujerar direba.