Ina Makomar Mai Fassara In Ya Haihu?

Duk wanda ya san tarihin ilmin boko a Arewa ya san Zariya ce mahaifar aikin fassara. A cikin 1929 aka kafa Hukumar Fassara, ba da daɗewa ba aka kawo ta Zariya, a 1933 kuwa aka sake mata suna Hukumar Talifi, Dokta East yana shugabanta. Daga nan littafin Magana Jari Ce ya fito, sa'an nan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairu na 1939, sa'an nan Kamfanin Gaskiya a 1945. Amma akwai abu guda da ba a cika tunawa da shi ba, watau waɗanda suka yi wannan aiki ma'aikata ne masu albashi. Malam Abubakar Imam malami ne a Midil ta Katsina aka aro shi, bai jira littafi ya fito ba kafin a yi cefane a gidansa.

Yau kuwa al'amarin ya sāke. Aikin fassara ya ƙaru, kujerun albashi sun ragu. A Samaru, inda aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kullum ana bukatar wanda zai mai da takardun tambayoyin masu bincike da ƙasidun aikin gona zuwa Hausa. A Sabon Gari, wanda ya taso a gefen tashar jirgin ƙasa ya tara mutane masu harsuna iri iri, maɗaba'u da 'yan kasuwa da masu shari'a suna neman mai juya musu takarda. Ga kuma kamfanonin Ingila da Amurka da ke aiko da aiki ta intanet. Galibin masu yin wannan duka masu zaman kansu ne. Ana biyansu bisa kalma ko bisa shafi, bayan sun gama, ba hutu, ba albashin ƙarshen wata.

To, abin da muke so jama'a su duba shi ne wannan. Saurayi ko budurwa suna iya jure wa irin wannan zama, gama wanda ba shi da iyali in ya ƙoshi gidansa duk ya ƙoshi. Ranar da aka haihu, ranar ce lissafi ke rushewa. Kuɗin fassara yana zuwa sa'ad da mai aiki ya ga dama, wani lokaci bayan wata biyu ko uku. Bukatar yaro kuwa tana da ranarta. Ragon suna kwana bakwai ne. Kuɗin makaranta sau uku ne a shekara. Zazzaɓin damina ba ya jiran a sa hannu a takardar biya.

Ku dubi uba. Da rana gida ya cika da hayaniya, saboda haka sai ya mai da dare lokacin aikinsa, in an yi sa'a akwai wuta, in babu kuwa sai ya sayi man janareto, wanda tsadarsa ta ninka tun da aka janye tallafi a 2023. Domin tsoron kada gida ya kwana da yunwa, ba ya iya cewa a'a ga kowane aiki, kome arharsa, kome ƙurewar wa'adinsa. Gaggawa kuwa ita ce uwar kuskure a fassara. Daga ƙarshe sai ya sami wata makarantar kuɗi ya shiga koyarwa, ko ya buɗe shago, ya ajiye alƙalami.

Na uwa ya fi haka nauyi. Dokar ƙwadago ta ƙasar nan ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa na mako goma sha biyu. Gwamnatin Jihar Kaduna ta mai da na ma'aikatanta wata shida a 2019, Gwamnatin Tarayya kuma ta ba maza ma'aikatanta kwana goma sha huɗu a 2021. Mai fassara mai zaman kanta ba ta cikin ko ɗaya. In ta tafi gidan iyayenta wanka har ta yi arba'in, kafin ta dawo masu ba ta aiki sun sami wani. Sai ta koma neman suna daga farko, ga goyo a baya, ga barci rabi da rabi, har a yi yaye. Da yawa ba su komowa.

Wa ya yi hasara? Mu da muka yi shekaru muna koyar da malamai muna duba makarantu, mun tabbata jama'a ce ta yi. Fassara ba a ƙware ta a shekara guda. Lokacin da mutum ya fara nuna, lokacin ne yake fara haihuwa, lokacin ne kuma muke rasa shi. Har wa yau, mai 'ya'ya ya fi kowa cancantar wani kashi babba na wannan aiki. Takardar da ke koya wa uwa haɗa ruwan gishiri da sukari, ko kai yaro rigakafin ƙyanda da shan inna, tana son wanda ya taɓa tashi tsakar dare yana ba yaro magani. Shi ya san kalmar da kaka za ta gane, da wadda za ta sa uwa ta tsorata. Littafin aji ɗaya kuma yana son wanda kunnensa ya saba da Hausar ƙananan yara. Tun 2013 na'urar fassara ta Google ta fara juya Hausa, ta kuma yi amfani, amma ba ta taɓa rarrashin yaro mai zazzaɓi ba. Dole a sami mutum ya bi bayanta.

Wani zai ce, ai su suka zaɓi zaman kansu, kuma aikin yana da daɗinsa. Gaskiya ne. Mace tana iya neman halalinta daga cikin ɗakinta, uba yana iya kai yara makaranta da kansa, ba mai tsare shi da rajistar zuwa aiki. Ba mu ce a mai da kowa ma'aikacin gwamnati ba. Abin da muka ce shi ne, 'yancin da ba ya jure wa haihuwa guda bai kai a kira shi sana'a ba.

Saboda haka ga shawararmu. Na farko, ma'aikatu da sassan jami'a da ƙungiyoyin da ke ba da aikin fassara su riƙa biyan rabin kuɗi tun farko, ragowar kuma cikin kwana talatin. Wannan ba ya ƙara musu ko kwabo, lokacin biya kaɗai ya sāke. Na biyu, a daina kawo shafi hamsin ranar Alhamis a ce ana so Asabar. Wanda ya ɓata wata uku yana rubuta Turanci ya ba mai Hausa mako biyu. Na uku, masu fassara na Samaru da Sabon Gari su haɗa kai, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Su yi adashi domin haihuwa da jinya, su yi alkawari mai jego in ta tafi wani zai riƙe mata aikinta amana, ya mayar mata ran da ta dawo. Su kuma shiga tsarin fansho na masu zaman kansu da aka buɗe a 2019. Na huɗu, kwalejojin horon malamai da ke koyar da Hausa su koya wa ɗalibai yadda ake tsada da rubuta yarjejeniya, ba nahawu kaɗai ba.

Magabata sun gane cewa wanda ake so ya kyautata harshe sai an kwantar masa da hankali a kan gidansa. Kada mu da muka gāji aikinsu mu manta da wannan. Allah ya sa masu iko da masu ba da aiki su ji, su kuma aikata, amin.